Siffar Mutum da Sunan Wadda Ta Siffanta Shi

A birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani babban gidan ajiye kayan fasaha da a ke kira Metropolitan. A cikinsa akwai wani zane da aka yi a Faransa a 1801, na wata budurwa sanye da farar riga, tana zaune da allon zane bisa cinyarta, ta ɗago kai tana duban mai kallo, haske kuwa yana shigowa ta bayanta daga wata taga mai tsagaggen gilashi. Sa'ad da zanen nan ya shiga gidan a 1917, kowa ya ɗauka aikin Jacques-Louis David ne, watau shugaban gwanayen zane na Faransa a zamaninsa. Aka yi shekara talatin da 'yan kai ana ta yabonsa da sunan David. A 1951 sai wani masani, Charles Sterling, ya kawo hujja cewa ba na David ba ne, ya jingina shi ga wata mace mai suna Constance Charpentier. To, a nan ne abin lura ya ke, gama a cikin bayanin nan nasa sai ga shi yana hango rauni a zanen, wai an ɓoye shi da dabara, wai kuma wannan shi ke nuna hannun mace. Fentin bai sake ba, budurwar ba ta motsa daga kujerarta ba. Suna kaɗai aka sauya, idon masana ya sauya tare da shi. Daga baya, a 1996, Margaret Oppenheimer ta nuna cewa wata macen ce dabam ta yi shi, Marie-Denise Villers, a kan haka kuwa gidan ya tsaya.

Na fara da wannan labari ne don shi ya sa na koma na karanta tarihin masu zanen siffar mutane na Amurka ita kanta, daga can kuma tunanina ya dawo gida. Tun farkon zaman Turawa a ƙasar, zanen fuskar manya shi ne sana'ar da ke ciyar da mai zane, domin babu hoto a lokacin, attajiri kuwa yana son jikokinsa su san kamanninsa. Mata sun shiga sana'ar da wuri. Henrietta Johnston, wadda ta rasu a 1729, ta yi ta zana mutanen Charleston da allin launi, mijinta kuma, wanda limamin coci ne, ya rubuta a wata wasiƙa cewa ba don abin da ta ke samu da zanen ba da ba su iya riƙe gida ba. Sarah Miriam Peale da 'yar'uwarta Anna an karɓe su cikin manyan makarantar fasaha ta Pennsylvania a 1824. Amma fa a lura, ubansu James Peale mai zane ne, baffansu Charles Willson Peale kuma shi ne sananne a duk ƙasar. A cikin gida suka koyi aikin, da sunan gidan kuma aka buɗe musu ƙofa.

Wadda ta fi su duka ɗaukaka ita ce Cecilia Beaux, an haife ta a Filadelfiya a 1855, ta rasu a 1942. A 1895 ta zama mace ta farko da aka ɗauka malama ta sosai a makarantar nan ta Pennsylvania, ta yi shekara ashirin tana koyarwa. Ta zana matar Shugaba Theodore Roosevelt da 'yarta a 1902, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma aka aike ta Turai ta zano manyan da suka yi suna a yaƙin, har da Clemenceau na Faransa. Masana na zamaninta su kan gwada ta da John Singer Sargent. Duk da haka, da abokin aikinta William Merritt Chase ya tashi yabonta, abin da ya ce shi ne ta fi dukan mata masu zane. Yabo ne, ba shakka, amma yabo ne mai shinge: an ɗaga ta sama, sa'an nan an kewaye ta da danga don kada ta shiga gonar maza. Da ta rasu sunan Sargent ya ci gaba, nata ya dushe, sai a 1995 aka tara ayyukanta aka nuna su a Washington, mutane suka fara tunawa da ita.

Mu ma muna da irin wannan yabo. Mu kan ce da mace kallabi tsakanin rawuna, ko mace mai kamar maza. A nahawunmu ba laifi a ce mawaƙiya ko marubuciya, gama harshen ne ya tilasta a nuna jinsi, ba kamar Turanci ba inda sai an ƙaro kalma da gangan. Inda shingen ya ke shi ne a cikin nasaba: "gwana ce" dabam, "gwanar mata ce" dabam. Na farko hukunci ne a kan aiki, na biyu kuwa hukunci ne a kan mai aikin.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bahaushe da zanen fuska? Gaskiya ne ba mu gaji wannan sana'a ba. Malamai sun daɗe da hana suranta abu mai rai, shi ya sa maginan Kano da na Zariya suka cika bango da dagi, maɗinka suka cika gaban riga da aska biyu da aska takwas, ba wanda ya sa fuskar sarki. Kalmomin ma shaida ne. Hoto daga Turanci muka aro shi, sura da siffa daga Larabci, taswira kuma da ta shigo sai muka tsare ta ga zanen ƙasa. Amma muna da kama da kamanni namu na kanmu, kuma daga siffa muka ƙera aikatau muka ce siffanta. Abin da na ke nufi shi ne, buƙatar da ta sa attajirin Filadelfiya ya zauna gaban mai zane, watau a kama mutum a ajiye shi don na baya, tana nan wurinmu, sai dai mu da baki mu ke yinta. Kirari da yabo da zambo da marsiyya su ne zanen siffa na Hausa. In kuwa haka ne, tambayar da aka yi wa Amurkawa ta hau kanmu: su wa suka yi zanen, sunan wa kuma muka rubuta a ƙarƙashinsa?

Wadda ba a isa a ɓoye sunanta ba ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kashi mai yawa na waƙoƙinta kuwa marsiyyoyi ne. Ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha matar Bello. An saba karanta waƙoƙin nan don tarihi ko don wa'azi. Ni ina ganin ya kamata a karanta su kamar yadda a ke duban zane, a tambaya: mutumin ya fito, ko bai fito ba?

In an yi wannan tambaya, za a ga waƙoƙin ba su yi daidai da juna ba. A marsiyyar manya akwai wani tsari da ta gada daga waƙar Larabci, a jero ilimi da adalci da kyauta da tsoron Allah, a yi addu'a, a rufe. Ba ƙarya a ciki, amma wasu baitocin za a iya cire su daga kan wannan bawan Allah a ɗora su kan wancan, su zauna daram. Wannan ita ce irin matsalar da ke samun mai zanen sarakuna ko'ina: alkyabba ta kan cinye mai ita. Beaux ma ayyukanta da masu duba suka fi so ba na manyan yaƙi ba ne, na danginta ne da ƙawayenta, kamar zanen nan na wata 'yar'uwarta sanye da farare, da baƙar kyanwa a kafaɗarta. Haka Asma'u. Inda hannunta ya fi sakewa shi ne inda ta siffanta matan da ba su da sarauta. Ta yi waƙar alhini da Hausa ga wata maƙwabciyarta Halima, abin da ta ajiye mana game da ita kuwa shi ne hankalinta, da riƙon zumuncinta, da yadda ta ke bi da yaro da babba. Ta yi wa wata Zaharatu, ta nuna ta tana zuwa wurin mai naƙuda, tana zuwa wankan gawa in an kira ta, tana koya wa mata addini. Ba ta faɗa mana ko doguwa ce ko gajeriya ba. Ta tsayar da ita a bakin aiki ne, mai saurare kuwa nan da nan zai ce, na san irin wannan mata, akwai ta a unguwarmu. A ganina wannan shi ne ƙa'idar zanen Asma'u, hali ta hanyar aiki, kuma ya fi jerin kyawawan siffofi kama mutum.

Ban da haka, ita da kanta ta damu da sunayen mata. A waƙarta ta tawassuli da mata masu albarka ta fara da matan Annabi da waliyyai mata na Gabas, sa'an nan ta gangaro ta ambaci matan jama'ar Shehu da sunansu, irin su Habiba da 'Yar Hindu, kowace da abin da aka san ta da shi. Ta sa su a jeri ɗaya da na cikin littattafai. Ga shi kuwa ita ma sai da ta jira. Takardunta sun zauna a hannun zuriyarta, musamman Waziri Junaidu na Sakkwato, matan 'yan taru kuma suna rera waƙoƙinta a ƙauyuka, amma littattafan tarihin jihadi na boko sun daɗe suna wuce ta da layi ɗaya ko biyu. Sai a 1989 Jean Boyd ta fitar da tarihin rayuwarta, a 1997 kuma ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta. Kuma kada mu ruɗi kanmu, abin da ya tsare sunan Asma'u har aka iske shi shi ne abin da ya buɗe wa Sarah Peale ƙofa, watau gidan da ta fito da alƙalamin da aka sa mata a hannu tun tana ƙarama.

To, wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun fa? A nan sai in koma inda na tashi, a wani ƙauye na ƙasar Ɗambatta, arewa da birnin Kano. Wanda bai san wannan yanki ba ya sani cewa ba daji tsakanin gona da gona. Ana noma kowane taƙi kowace shekara, gero da dawa da wake da gyaɗa, a ƙarƙashin kuka da ɗorawa da gawo, gidaje kuwa a warwatse su ke cikin gonakin, kowane da danginsa. Matan aure suna cikin kulle, baƙo zai ratsa ƙasar tun safe har la'asar bai ga fuskar ko ɗaya ba, sai dai ya jiyo luguden taɓarya. Amma zaren da masaƙan Minjibir suka yi suna da shi, mata ne suka kaɗa shi da mazari a cikin irin waɗannan gidaje, kuma ba a taɓa kiran zane da sunan mai kaɗi ba.

Sa'ad da mu ke yara, in an gina wa amarya ɗaki, mata su kan taru su yi daɓe. A zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, a jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, ɗaya tana bayarwa sauran suna amshi. Mai bayarwa a wajenmu wata gwaggona ce. Na yi shekaru ina karatun ilimin harsuna kafin in gane abin da ta ke yi. Ta kan ɗauki mutum guda, ba ta faɗin sunansa, ta kafa shi da layi uku ko huɗu: mai gidan da ke gyaran murya sau biyu kafin ya shigo, ya kuma shafe bakin mudu da tafin hannu in zai ba da awo, uwar mijin da ke ƙirga ƙullun daddawa da ido tana yi kamar barci ta ke. Kafin amshi ya dawo, dariya ta tashi, kowa ta gane wanda a ke nufi. Kayan aikinta kuwa su ne abin da mu ke kira amsa-kama a aji. Ba ta cewa mutum ya shigo a hankali, sai ta ce sumumu. Wannan na tafe tinƙis-tinƙis, wancan buguzum-buguzum, wanda aka kama da laifi ya yi tsuru-tsuru. Wata santaleliya ce, wata rusheshiya. Kowace kalma cikin waɗannan tana ɗauke da girma da nauyi da motsi gaba ɗaya, tana yin aikin da mai zane ke yi da jan buroshi guda. Ta kuma san inda za ta ajiye ta, a daidai faɗuwar madaɓi, har sautin kalmar da na dukan su zama abu ɗaya.

Ba na cewa duk abin da ta rera gwaninta ne. Da yawa habaici ne na kishi wanda ya mutu tare da rigimar da ta haife shi, wani kuma gado ne da kowace mace ta iya. Amma wannan rarrabewa ita ce aikin mai nazari, ba kuwa za ta yiwu ba sai an san wa ya yi me. Muddin muka tara kome muka kira shi "waƙoƙin mata", kamar dai daga sama ya faɗo, ba za mu taɓa iya cewa wannan ta fi waccan ba, ko wannan ta koya wurin waccan. Ba wanda zai yarda a haɗa Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata a ce "waƙoƙin maza" a wuce.

Akwai wata da ta tsaya tsakanin Asma'u da gwaggona, ita ce Baba ta Karo, mutuniyar ƙasar Kano ta wajen iyaka da Zazzau. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a garin Giwa, ta zauna ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a Landan a 1954, bayan ita Baba ta rasu a 1951. Littafin cike ya ke da mutane, iyaye da kishiyoyi da ƙawaye da bayin gidansu da waɗanda mahara suka kama aka fanso, kowa da halinsa. An saba cewa Mary Smith ta zana mana siffar macen Hausa. Ni kuwa ina ganin Baba ce mai zanen, Mary Smith ta riƙe mata allo ne, ta kuma riƙe shi da amana. Amma a kantar laburare sunan Smith za ka nema. Hausar da Baba ta yi magana da ita ma ba a buga ta ba sai a 1991, shekara 37 bayan fassarar, har yanzu kuwa a azuzuwanmu an fi ɗaukar littafin madogarar al'ada, ba a cika duban salon mai maganar ba.

Ko a fagen zanen boko labarin bai sake ba. Kowane ɗalibin fasaha ya san ƙungiyar da samarin kwalejin Zariya suka kafa a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Kaɗan ne za su faɗa maka sunan Clara Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano, wadda ta fara koyar da zane a wannan kwaleji tun 1955, ta kuma nuna ayyukanta a Landan a 1958. Ladi Kwali kuwa, maginiyar tukwane ta ƙasar Gwari, ta sami suna har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, aka kuma sa hotonta a bayan takardar naira 20. Amma sai da Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, ta shiga makarantarsa a 1954, sa'an nan duniya ta tambayi sunanta. Waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu ma sai a 1983 aka tara su a littafi.

Laifin da ya fi kusa da mu shi ne na ɗakin karatu. Na duba kundayen ɗalibai da dama a kan waƙoƙin daka da niƙa da daɓe da reno. A bango akwai sunan ɗalibi da na malamin da ya duba, a ciki akwai godiya ga hakimi da dagaci da wanda ya buga takardun. In ka zo kan waƙar kanta sai ka ga an rubuta, an samo daga bakin wata tsohuwa. Ni ma haka na yi a nawa kundin, ba wanda ya tsayar da ni, ban kuma ga aibinsa ba a lokacin. Malaman kwalejojin horon malamai su ne suka fi kowa aika ɗalibai ƙauye tattara irin wannan, su ne kuma za su iya sa a ƙara layi uku a takardar tambaya: sunanta, garinsu, wurin wa ta koya.

Na san abin da za a ce, kuma ba magana ce ta banza ba. Za a ce kunya. Macen da ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ina za ta so a buga nata a littafi, balle a ƙarƙashin waƙar da ta yi wa uwar mijinta zambo? Za a ce kuma wadda ta fito fili da waƙa, kamar Barmani Coge ko Uwaliya Mai Amada, ta zaɓi hakan ne, ta kuma ɗauki abin da ke biyo baya na maganar mutane, ita kuwa matar kulle ba ta zaɓa ba. Na yarda da wannan duka. Amma tsakanin wadda aka tambaya ta ƙi da wadda ba a tambaya ba akwai rata. Wata za ta ce a sa laƙabinta, wata ta ce a sa "uwar wane", wata ta ce a bari sai bayan ranta. Mun ɗauki kunyar da ba a nuna mana ba mun rufe kasalarmu da ita.

Gwaggon nan tawa ta rasu, ɗakunan amare kuma yanzu siminti a ke yi musu, madaɓi ya zama abin da yara ba su san sunansa ba. Abin da ya rage na waƙoƙinta shi ne ɗan abin da na rubuta a wani tsohon littafin aji, da abin da babbar 'yarta ta riƙe. Da damina na je na same ta na ce, "Yaya, ina so in buga waƙoƙin Gwaggo, in sa sunanta a kai." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce ita dai ba ta ƙi ba, amma biyu daga cikin waɗanda aka siffanta suna nan da ransu, ɗaya ma har yanzu ya kan yi gyaran murya sau biyu kafin ya shigo. Ta ce in bari a kai amfanin gona gida, ta yi shawara da Kawu.